Zaman Baƙunci: Turancinmu Ya Tsaya a Bakin Iyaka

 A wannan fili namu na Zaman Baƙunci mun saba tattauna al'amuran da suka shafe mu, mu mazauna birnin Yamai da muka yi karatunmu da Turancin Ingila, ko daga Nijeriya muka fito, ko daga Gana, ko Saliyo, ko kuwa ɓangaren Kamaru mai amfani da Ingilishi. A wannan wata muna so ne mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita, amma ba a cika son faɗinta a bainar jama'a ba, watau maganar harshe da irin asarar da rashinsa ke jawo wa gidajenmu a ɓoye.

Mutumin da ya taso daga Sakkwato ya ƙetare iyaka a Illela ya shiga Birnin Ƙonni, da wuya ya ji a jikinsa cewa ya bar ƙasarsu. Riga iri ɗaya ce, kiran salla iri ɗaya ne, agogo ma ba sai ya juya shi ba. Ya yi tafiyar kilomita wajen 420 ta Dogon Dutsi da Doso har ya iso Yamai, ya sauka a tasha, ya yi ciniki da mai taksi da Hausa, ya sayi kilishi da Hausa, ya tambayi hanyar masallaci da Hausa. Daga nan sai ya yanke hukunci a ransa cewa ai nan ma gida ne. To, a nan matsalar take farawa. Wanda ya sauka a Abijan ko Dakar tun ranar farko ya san shi baƙo ne, don haka yakan ɗaura ɗamarar koyon harshe ba tare da wani ya ce masa ya yi ba. Mu kuwa a nan Hausa ta yi mana shimfiɗa mai laushi, har ta kai ana samun ɗan'uwa ya shekara goma sha biyar a garin nan, ya yi aure, ya hayayyafa, amma ba ya iya karanta takardar kuɗin wutar gidansa.

Mun lura da wani abu, kuma muna jin masu karatu za su gaskata mu. 'Yan'uwanmu Ibo da Yarabawa da mutanen kudancin Gana, waɗanda suka zo ba su da Hausa, sau da yawa sun fi mu saurin kama Faransanci da Zabarmanci, domin su ba su da sandar dogarawa. Ka shiga shagon mai sayar da kayan gyaran mota, za ka ji yana juya harshe uku ko huɗu kafin ya sallami mutum ɗaya. Wannan ba abin kunya ba ne a gare mu mu faɗa, abin koyi ne.

Gaskiyar magana ita ce Yamai gari ne mai harshe uku. Kasuwa tana jin Hausa. Unguwa da tsofaffin gari suna jin Zabarmanci, domin tun kafin Faransawa su ɗauke hedkwatar ƙasa daga Damagaram su dawo da ita nan a 1926, wannan bakin kogi ƙasar Zabarmawa ce. Takarda kuwa Faransanci take ji. Turancin da muka sha bulala a kansa a makaranta, wanda a gida shi ke sa a ba mu kujera a ofis, a nan shi ne na huɗu, amfaninsa bai cika wuce aji da ofishin jakadanci da wasu ƙungiyoyin ƙasashen waje ba. Mai digiri biyu daga Zariya ko Legon, in ya shiga buro aka miƙo masa takarda, shi da wanda bai taɓa shiga aji ba duk ɗaya suke, sai ma dai shi girman kai ya hana shi tambaya.

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da aljihu. Hausar da muke taƙama da ita ma tana da tarko a wajen kuɗi. A nan ba a ƙirga sefa da tamma ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, dala guda kuwa tamma biyar ce. Saboda haka in mai tumatir a kasuwar Katako ko Wadata ta ce maka ashirin, tamma 100 take nufi. In ta ce hamsin, 250 ke nan. In ta ce ɗari, to ka fito da 500. Tamma 1,000 ita ce jika, watau dala 200, kamar dai yadda a Nijeriya jaka take naira 200 tun lokacin da fam ɗari ya koma haka da zuwan naira a 1973. Da Zabarmanci ma lissafin ɗaya ne, waranka ashirin ce, watau 100, zangu kuwa ɗari ce, watau 500. Sabon zuwa yakan ji an ce ɗari ya ce kai, abin da araha, sai an ninka masa sau biyar ya fara rantsuwa an cuce shi, alhali kuwa ba wanda ya cuce shi. Wannan dai ƙaramin abu ne, mako biyu ya isa mutum ya gane. Amma ga wanda albashinsa ko jarinsa daga gida yake zuwa da naira, kuskuren lissafi ba wasa ba ne, tun da a 2024 jika guda ta haura naira 2,000, ita kuwa sefa tana nan ɗaure da kuɗin Turai a kan tamma 655.957 kowace yuro ɗaya.

Lissafin Faransanci ya fi wannan wuyar sha'ani. Su ba su da kalma guda ta saba'in, sai su ce sittin da goma. Tamanin kuwa ashirin huɗu ce, casa'in kuma ashirin huɗu da goma. Ga shi lambar waya a ƙasar nan harufa takwas ce, kuma bibbiyu ake karanta ta. Sai a gaya wa ɗan'uwa 96, shi kuwa kunnensa ya ji huɗu, ashirin, sha shida, ya rubuta su haka a jere, ya koma gida yana kira ba ta shiga. A rubuce ma akwai wani tarkon. Inda mu muke sa waƙafi don raba dubbai, su ɗigo suke sawa ko su bar fili, inda muke sa ɗigo kuma su waƙafi suke sawa. Watau 12.500 a takardarsu dubu goma sha biyu da ɗari biyar ne, 12,5 kuwa goma sha biyu da rabi. Ɗayansu na hannu yana da dogon baki har ya yi kama da bakwai ɗinmu, shi ya sa suke yi wa bakwai ɗinsu ɗamara a tsakiya. Agogonsu kuma ba ya tsayawa a sha biyu. In an ce ka zo ƙarfe goma sha biyar, uku na yamma ake nufi.

Mai karatu zai ce ai waɗannan abubuwan dariya ne. Haka ne, dariya ne a majalisar shayi. Amma a duba inda waɗannan lambobi suke zaune: a takardar haya suke, da takardar bashin banki, da takardar duwan, da takardar magani. Mun sha ganin ɗan'uwa ya sa hannu a takardar haya bisa abin da dillali ya fassara masa da baki, sai ranar tashi ya gane cewa kuɗin da ya ɗauka na wata uku ne na gaba, ashe a rubuce kuɗin jingina ne da za a cire gyaran gida a ciki. In aka je gaban hukuma, abin da ke rubuce shi ne shaida, bakin dillali kuwa iska ta riga ta kwashe.

Ta wajen lafiya abin ya fi ban tsoro. A Hausar nan in an ce an tafi likita, asibiti ake nufi, shi mai duba marar lafiya kuwa lokotoro ne. Zai yi maka bayani da Hausa ko Zabarmanci in ka yi sa'a, amma takardar magani da Faransanci zai rubuta, takardar da ke cikin kwalin maganin ma haka. Sau nawa a yini, kafin abinci ko bayan abinci, cokali babba ko ƙarami, kwana nawa, duk suna nan a rubuce cikin harshen da uwar yaro ba ta ji. Kuma a yawancin gidajenmu ita ce mai kai yaro likita, mai gida yana kasuwa ko wurin aiki. Matan da aka auro daga gida aka kawo su nan su ne suka fi kowa shiga wannan ƙunci, domin mai gida ko ba komai yana tsintar kalma ɗaya biyu a waje, ita kuwa daga gida sai gidan biki na 'yan garinsu. Bugu da ƙari, da dare ba kowane kantin magani ke buɗe ba, akwai masu tsaron dare da ake juyawa a tsakaninsu, jerin sunayensu kuma da Faransanci ake fitar da shi. Gidan da ba mai iya karanta wannan jeri, ranar da zazzaɓi ya tashi ƙarfe biyu na dare sai yawon neman ƙofa buɗaɗɗiya.

Sa'an nan ga maganar suna, wadda a ganinmu ita ce mafi haɗari domin ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Akawun da ke rubuta takardar haihuwa da kunnen Faransanci yake ji. Ka ce Usman ya rubuta Ousmane, ka ce Musa ya rubuta Moussa, ka ce Shu'aibu ya rubuta Chaibou, ka ce A'isha ya rubuta Aïchatou. Shi bai yi laifi ba, haka aka koya masa. Ban da haka takardunsu sunan dangi suke fara tambaya kafin sunan yanka, wanda bai sani ba sai ya juya su. Ƙarshenta sunan uba a fasfo dabam, sunansa a takardar haihuwar ɗansa dabam. Ba wanda zai damu sai ranar da yaron zai nemi fasfo, ko zai zauna jarrabawa a gida, ko kuwa ranar da uban ya kwanta dama aka zo rabon gado da kuɗin banki, a ce a kawo shaidar cewa wannan ɗan wancan ne. A lokacin gyaran harafi biyu sai ya ci watanni da kuɗi masu yawa a kotu. Maganin abin kuwa ba ya cin ko dala: ka tafi da fasfonka ranar rubuta haihuwa, ka rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ka miƙa, kada ka bar wurin sai ka duba harafi bayan harafi. Kuma a yi rajistar da wuri, domin akwai wa'adi, in ya wuce sai ta hannun alƙali.

A nan ya kamata mu tuna wa iyaye cewa haihuwa a Yamai kaɗai ba ta mai da yaro ɗan Nijar kai tsaye, domin dokar ƙasar nan ta fi duba asalin iyaye. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Nijar kuma tun 2014 ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Duk wannan alheri ne, amma alherin yana kan takarda ne. Yaron da ba a yi masa rajista a nan ba, ba a kuma kai sunansa ofishin jakadanci ba, yana iya girma ya zama na ko'ina a baki, ba na ko'ina ba a hukumance.

Dā can wannan sakaci bai cika tsada ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ƙungiyar da a nan ake kira CEDEAO, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, mutane da yawa kuwa suka mai da kwana casa'in ɗin shekara talatin ba wanda ya ce musu kanzil. Amma zamani ya juya. Dukanmu shaida ne kan abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'ad da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, har zuwa watan Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙasashen uku sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shigowa ba biza, amma a cikin wannan wata na Janairu hukumar Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi, mai hukunci mai tsanani ga wanda ba shi da takardu. Saboda haka zancen ai ni Bahaushe ne, kakana ma daga Gobir ya fito, ba ya fid da mutum a shingen jandarma. Kowa ya tabbata fasfonsa bai mutu ba, ya yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsu, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin 'yan sanda mai kula da baƙi ya tambayi takardar da ta wajaba a kansa. Zuwa da kai ya fi aike, balle aiken ɗan kamasho.

Wasu 'yan'uwa sun zo mana da murna bayan fitowar kundin sake gina ƙasa a watan Maris 2025, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Suka ce to shi ke nan, ga Hausa ga Turanci, dukansu namu ne, wahalar koyon Faransanci ta ƙare. Mu ma mun yi farin ciki da wannan daraja da harshenmu ya samu, kuma muna fata masu koyar da Ingilishi a cikinmu za su ga amfanin abin. Sai dai a yi hattara. Doka takan fito rana ɗaya, amma akawun da ke buro da lokotoro da alƙali da mushen lakwal duk da Faransanci aka horar da su, littattafai da takardun da ke cikin durowarsu kuma ba sa canja harshe cikin dare guda. Wanda ya ce zai jira sai ranar da aka fara rubuta takardar magani da Hausa kafin ya san abin da yake ba ɗansa, to jiran nasa da ran yaro yake yin sa.

Wannan ya kawo mu ga lakwal, watau makaranta, inda iyaye suka fi shiga ruɗu. Tsarin nan shi ne firamare shekara shida, koleji shekara huɗu a ƙare da jarrabawar BEPC, sa'an nan lise shekara uku a ƙare da Bak, jimla shekara 13, ba kamar Nijeriya ba inda ake yin shida da uku da uku, jimla 12. Daga koleji azuzuwa baya-baya ake ƙirga su, daga na shida a je na biyar, a je na huɗu, don haka kada uba ya ji ɗansa ya bar aji shida ya koma biyar ya ɗauki bulala, ci gaba ya yi. Maki kuma bisa 20 ake ba da shi, 10 ita ce tsallakewa, wanda ya kawo 14 ya cancanci tukuici. Ingilishi sai a shekarar farko ta koleji ake fara shi a makarantun gwamnati. Ita kuwa hukumar WAEC, ƙasashe biyar ne ke cikinta, Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, babu Nijar.

Saboda haka hanya uku ce a gaban uba. Ko ya sa yaro lakwal ya bar shi ya kai ƙarshe, yana ƙara masa Turanci a gida. Ko ya biya kuɗi mai yawa a makarantu masu zaman kansu da ke koyarwa da Ingilishi ko da harsunan biyu. Ko kuwa ya mai da shi gida wurin kakanni, ya haƙura da ganinsa sai hutu. Kowace da tsadarta, kuma ba mu ce wata ta fi wata ga kowane gida ba. Abin da muke roƙo shi ne a zaɓi ɗaya tun yaro yana ƙarami a tsaya a kanta. Babbar asara ita ce ta yaron da aka yi ta wasan ƙwallo da shi, shekara uku a Yamai, biyu a Birnin Kebbi, a sake dawo da shi, kowane zuwa a mai da shi baya da aji ɗaya ko biyu, har ya kai shekara sha takwas ba ya iya rubuta wasiƙa da ko ɗaya daga cikin harsunan. Wanda kuwa aka tsaya masa ya kama biyun da kyau, ga Hausa ga Zabarmanci na unguwa, wannan ya fi iyayensa jari, domin daga Dakar har Yawunde ba ƙofar da za ta gagare shi.

Kada kuma mu manta da maƙwabta. Ba wanda ya ce sai mun iya wa'azi da Zabarmanci, amma fofo, da mate ni go, da baani samay, da marje no a bakin mai sayayya, ba su fi ƙarfin kowa ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai tana jin Hausa sarai, amma ranar da ka gaishe ta da harshenta, ranar ce ka tashi daga ɗan haya ka zama ɗa. Waɗanda suka zauna garin nan cikin watannin rufe iyaka sun san cewa abin da ya rufa wa da yawa asiri shi ne maƙwabcin da ya ba da bashin shinkafa, da mai gidan da ya ɗaga ƙafa a kan haya. Da ɗan gari akan ci gari.

Shawararmu a taƙaice ita ce kowace ƙungiya ta 'yan gari ɗaya, maimakon tara kuɗi don biki kaɗai, ta ware wani abu ta ɗauki malami, ko ɗalibi daga jami'ar Abdou Moumouni da ke ƙetaren gada, ya riƙa koyar da Faransancin yau da kullum sau biyu a mako, maza bayan isha'i, mata da hantsi. A fara da lambobi da agogo da takardar magani da cika takardun hukuma. Waɗanda suka iya Turanci a cikinmu suna iya biya da nasu ilimin, tun da masu son koyon Ingilishi a garin nan ba su da iyaka. Kafin wannan ya kankama, kada kowa ya sa hannu a takardar da bai karanta ba sai ya kai wa amintacce wanda ba shi da riba a cikin cinikin.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba maganar aika kuɗi gida da 'yan canji. Masu wasiƙu su ci gaba da aikowa ta hannun edita, da Hausa ko da Turanci. Allah ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.